Yadda Ake Auna Ra'ayin Mutanen Abuja Kan Mayar da Baƙi Marasa Takardu 'Yan Ƙasa

Zauna a teburin mai shayi a Karmo ko Gwagwa bayan isha'i ka jefa tambaya: "Shin a ba baƙin haure takardar zama 'yan Najeriya?" Kafin ka rufe baki wani zai ce, "A kan me?" Bari shayi ya huce, sannan ka sako ta wata fuska: "Maigadin layin nan fa, Buzun da ya shekara 20 yana buɗe mana get, matarsa Bazazzagiya, in gwamnati ta ce za ta ba shi takarda?" Cikin waɗanda suka yi tsaki ɗazu za a samu mai cewa, "Haba, ai wannan namu ne." Duka amsoshin biyu daga zuciyarsa suka fito. Abin da ya canza shi ne mutumin da tambayar ta zana masa a ka.

Duk ɗan jarida, ɗalibin jami'a ko ƙungiyar da ke son fitowa ta ce "kashi kaza na mutanen Abuja suna goyon baya" sai ta shawo kan wannan matsala tukuna. Lissafin adadi shi ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin kalma.

Ka san dokar kafin ka rubuta tambaya

Babi na uku na kundin tsarin mulkin 1999 ya buɗe ƙofa uku. Sashe na 25 ta haihuwa ce, kuma jini yake bi: wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yanci ɗan ƙasa ne idan mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne. Haihuwa a asibitin Gwagwalada kaɗai ba ta mayar da jariri ɗan Najeriya, saɓanin Amurka. Sashe na 26 ta rajista ce, kuma matar da ta auri ɗan Najeriya ta shiga ciki, amma mijin da ya auri 'yar Najeriya bai shiga ba. Ka ga ke nan maigadin can 'ya'yansa 'yan ƙasa ne ta wajen uwa, shi kuwa ba haka ba. Sashe na 27 shi ne na wanda ya nema: sai ya zauna shekara 15 a jere, ko shekara 15 a tattare cikin 20 da suka wuce tare da wata 12 na ƙarshe a jere, ya kasance mai halin kirki, ya yi rantsuwar biyayya, shugaban ƙasa ya amince. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke karɓar takardun, kuma tana neman shaidar izinin zama, abin da marar takarda ba shi da shi tun farko.

A cikin sharuɗɗan sashe na 27 akwai wanda ya shafi aikinka kai tsaye: sai gwamnan jihar da mai neman yake zaune ya ga cewa al'ummar da mutumin zai zauna cikinta ta karɓe shi. Wato ra'ayin maƙwabta yana cikin doka tun asali.

Sai ka rarrabe baƙin su ma. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shigowa ba biza ya yi kwana 90, in yana da takardar tafiya. Wanda ya zarce haka bai nemi katin zama ba, ya shigo ta ƙofa amma zamansa ya fita daga ƙa'ida. Chadi da Kamaru ba su taɓa zama cikin ECOWAS ba. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice a ranar 29 ga Janairun 2025, kodayake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu su yi zirga-zirga har zuwa wani lokaci. Ɗan gudun hijira kuma dokarsa daban ce gaba ɗaya. In ka zuba duka waɗannan a buhu ɗaya, amsar da za ka samu ma a buhu ɗaya za ta zo, ba mai iya tsince ta.

Kalmomin da ke cin amana

"Baƙin haure" ita ce ta rediyo, kowa ya san ta. Amma haure daga haura katanga ya fito, kalmar da kanta ta riga ta yanke hukunci. "Baƙi marasa takardu" ta fi sanyi, sai dai tana da nata lahani: a ƙauyukan Kwali da Abaji akwai 'yan Najeriya na asali da ba su da takardar haihuwa ko katin shaida, saboda haka mai amsa yana iya jin da shi ake. "'Yan ci-rani" kuwa kar ka taɓa ta, don a bakin Bahaushen Abuja ɗan ga-ruwan da ya zo daga Jigawa ma ɗan ci-rani ne. Ita kanta "baƙo" fuska biyu gare ta. Hausawan da suka ce baƙonka annabinka su ne suka ce baƙo raɓa ne. Ɗaya na cewa a karrama shi, ɗaya na cewa gari na wayewa zai bushe.

Wadda ta fi ɓarna ita ce "ɗan ƙasa". A Hausa tana nufin mai ƙasar Najeriya a doka, tana kuma nufin ɗan asalin wuri, mai takardar shaidar ƙaramar hukuma. A Abuja wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gbagyi, Gwandara, Gade, Koro, Bassa da sauran waɗanda birnin ya taras suna da tsohon kuka kan gonaki da diyya. Ka tambayi dattijo a ƙauyen Kuje ko a mayar da baƙo "ɗan ƙasa", abin da zai ji shi ne za a ba wani rabon fili da gurbin aiki na 'yan asali, kuma a wurinsa Bakanon da ke Dei-Dei ma baƙo ne. Maganin shi ne kar ka bar kalmar ita kaɗai. Ka ce "ɗan Najeriya a doka, mai iya karɓar fasfo da jefa ƙuri'a", ka kuma ƙara cewa ba takardar asalin ƙaramar hukuma ake nufi ba. (Af, kar mai tambaya ya ce "Gwari". Gbagyi suke kiran kansu, kuma hira kan mutu a kan wannan.)

"Afuwa" ma a guje ta. Kunnen ɗan Najeriya ya saba jin ta tare da tsagerun Neja Delta da tubabbun 'yan bindiga, saboda haka tana shigowa da ƙurar da ba ta batun ba ce.

Tun da babu kalma mai tsabta ɗari bisa ɗari, raba masu amsa gida biyu ta ƙuri'a. Rabi su ji "baƙin haure", rabi su ji "mutanen wasu ƙasashe da ke zaune ba tare da izinin zama ba". Sauran jimlar kada ko waƙafi ya canza. Manhajoji na kyauta irin su KoboToolbox da ODK suna iya yin wannan rabo da kansu a waya, ba tare da mai tambaya ya zaɓa ba. Tazarar da ta fito tsakanin gidajen biyu ita ma sakamako ce, sau da yawa ma ta fi ɗaya lambar daɗin labari.

Gina tambayar hawa-hawa

Tsakanin kora da fasfo akwai matakala, kuma mutane da yawa a tsakiya suke tsayawa. Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya: a kore su, a yi musu rajista su zauna su yi aiki na ɗan lokaci, a ba su izinin zama na dindindin ba tare da ƙuri'a ba, a buɗe musu hanyar zama 'yan Najeriya bayan sun cika sharuɗɗa. Kowane mataki yana da misali na gaske da mai tambaya ya kamata ya sani, ko da ba zai faɗa wa mai amsa ba. Kora an yi ta a Janairun 1983 zamanin Shehu Shagari, inda 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka fita, kamar yadda Ghana ta kori baƙi, ciki har da 'yan Najeriya da yawa, a 1969. Rajista an yi ta a Yulin 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba baƙi marasa izini wata shida su kai kansu hukumar shige da fice, ba tare da an yi musu alƙawarin zama 'yan ƙasa ba. Izinin dindindin kuwa Amurka ta yi shi da dokar 1986 ta zamanin Ronald Reagan, wadda mutum kusan miliyan 2.7 suka samu takarda ta hanyarta.

A mataki na ƙarshe ka bayyana sharuɗɗan a fili: shekara 15 yana zaune, ba a taɓa kama shi da laifi ba, zai biya haraji, mai unguwa ya shaide shi. In kana da wuri, canza sharaɗi ɗaya tsakanin masu amsa, misali shekara 5 ga wasu, 15 ga wasu. Ɗaya tak. Ka canza biyu lokaci guda, ba za ka san wanne ya motsa amsar ba.

Kar ka fara tambaya da "Ka yarda cewa…". Mutumin da aka yi wa tarbiyya ba ya son ƙaryata baƙon da ya yi masa sallama a ƙofar gida, zai ce "haka ne" ga magana, ya sake cewa "haka ne" ga kishiyarta. Ka ɗora masa magana biyu ya zaɓa: "Wasu na cewa wanda ya daɗe yana zaune lafiya a ba shi hanya. Wasu na cewa wanda bai bi ƙa'ida ba kada a saka masa da takarda. Wanne ya fi kusa da naka?" Bayan ya zaɓa sai ka bi da "Sosai, ko kaɗan?" Wannan taki biyu ya fi karanta wa mutum zaɓi biyar a jere, don kafin ka kai na biyar ya manta na farko. A juya jerin maganganun biyu tsakanin masu amsa.

Ka koya wa masu tambaya abin da za su yi da "ba komai", "to", "Allah ya zaɓa mafi alheri" da "sai abin da hukuma ta ce". Ba ɗaya cikinsu da ke nufin goyon baya. A maimaita tambayar sau ɗaya yadda take a rubuce, in an sake samun irin amsar a rubuta "bai zaɓa ba". Mai tambaya mai gaggawa yakan tura waɗannan duka cikin "e", kuma a nan ake samun goyon bayan da babu shi.

Daidai bayan babbar tambayar, saka wannan a buɗe: "Da na ce mutanen wasu ƙasashe, 'yan ina suka zo maka a rai?" Mai tunanin Nijar, mai tunanin Togo da Benin saboda masu aikin gini da tayil, da mai tunanin 'yan China ba tambaya ɗaya suka amsa ba. Sai ka bi da ko ya san irin wannan mutum da kansa, da kuma cikin mutum 100 na unguwarsu nawa yake jin ba 'yan Najeriya ba ne. Duk tambayar tsaro, satar mutane ko rashin aikin yi ta koma bayan waɗannan. Ka sa ta a gaba, ka shafa wa amsar barkono da hannunka.

Takardar kada ta wuce minti 20 zuwa 25. A shirya ta da Hausa, Turanci, Turancin buroka da Gbagyi. Wani ya fassara, wani dabam da bai ga asalin ba ya mayar da ita, a kwatanta. Sannan a gwada a kan mutum 30 a wuraren da ba sa cikin zaɓin, ana tambayar kowannensu, "Da na ce kaza, me ka fahimta?"

Mutum nawa, daga ina

In zaɓin masu amsa na ƙuri'a ne tsantsa, mutum 400 suna ba da tazarar kuskure, wato nisan da sakamakon kan iya yi da ainihin ra'ayin jama'a, ta kusan maki 5 cikin 100 sama ko ƙasa, 600 maki 4, 1,200 kuwa ɗan ƙasa da maki 3. Amma kai gungu-gungu za ka ɗauka, kuma maƙwabta kan yi tunani iri ɗaya, saboda haka lissafa 1,200 ɗinka a matsayin mai tazarar kusan maki 4. Da ka raba su 600 da 600 don gwajin kalma, bambancin da bai kai maki 6 ba kar ka yi kanun labari da shi. Ƙasa da 1,200 ba ya ɗaukar wannan rabo.

Babban Birnin Tarayya yana da ƙananan hukumomi 6, AMAC (ta cikin birni), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, da mazaɓu 62. Tsarin da Afrobarometer, cibiyar auna ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, ta daɗe tana bi yana da kyau a ara: hira 8 a kowane wuri, ana karɓa-karɓa tsakanin namiji da mace. Ke nan wurare 150. Ƙidayar 2006 ta ba Abuja mutum miliyan 1.4, fiye da rabi a AMAC, amma ta tsufa ƙwarai, wuraren da suke daji a lokacin yau gari ne. Yawan masu rajistar zaɓe na INEC a kowace mazaɓa ya fi kusa da yau, sai ka raba wuraren 150 bisa shi, ka zaɓi rumfunan zaɓe ta ƙuri'a su zama wurin farawa. Shi ma yana da aibi, don akwai mai rajista a Wuse yana kwana a Masaka.

Wannan ya kawo maganar iyaka. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ne, Suleja da Madalla jihar Neja. In ka shigar da su, ka ce "Abuja da kewaye". In ka bar su, ka sani ka bar ɗimbin masu aiki a birnin. Ka yanke shawara tun farko ka rubuta ta. Ka kuma lura da ƙananan wurare: bisa rabon 2006 Abaji hira 50 kacal za ta samu, tazararta ta kai maki 14, saboda haka ba ka da bakin cewa "mutanen Abaji sun ce". In kana son faɗin haka, ƙara mata hira, sannan ka rage nauyinsu wajen haɗa jimla.

Tambaya a Facebook ko kiran waya a shirin rediyo ba ya cikin wannan lissafi ko mutum dubu hamsin suka amsa. Waɗanda abin ya fi ƙona wa rai ne ke zaɓen kansu.

A wurin farawa masu tambaya huɗu su juya wa juna baya, gabas, yamma, kudu, arewa. Kowa ya ƙirga gidaje, ya shiga na 5, sannan ya ƙirga 10 ya shiga na gaba. Gida a nan masu cin tukunya ɗaya ne, don haka gidan haya mai ɗaki 12 a Nyanya yana iya zama gida 12. A ciki a lissafa manya masu shekara 18 zuwa sama na jinsin da ake nema, a ba kowa lamba, a sa wani ya zari kati. Wanda katin ya faɗa wa shi ne, ko yana kasuwa. A dawo sau biyu. In ba a same shi ba a tafi wani gida, kada a maye shi da ƙanensa da ke zaune a tsakar gida. Ayari biyar, kowanne mutum huɗu, maza biyu mata biyu, da shugaba ɗaya, suna gama wuri biyu a rana, aikin ya ƙare cikin kwana 15. Ware ƙarin kwana huɗu ko biyar don komawa da ruwan sama.

Shiga unguwa

A unguwannin gefen birni, baƙo mai riga mai sheƙi yana ƙirga gidaje yana danna waya abu ɗaya yake nufi: rusau. In ba rusau ba, imigireshan. In ba su ba, masu rubuta sunan tallafi. Na farko da na biyu suna rufe ƙofa, na uku yana jawo layi da amsoshin neman yarda. Saboda haka ba riga mai kama da ta hukuma, ba fenti, ba alli, ba ɗaukar hoton gini. Kwana biyu kafin aiki shugaban ayari ya kai wasiƙa ofishin 'yan sanda na yankin, ya gaida sarkin ƙauyen, ya gaida Sarkin Hausawa in akwai. Duka biyun, don gaida ɗaya a bar ɗaya magana ce. Amma kada a karɓi ɗan rakiya daga fada zuwa cikin hira. Ya nuna hanya ya tsaya nesa.

Gabatarwar ta zama gajera: "Salamu alaikum, Baba, sannu da hutawa. Daga wurin kaza muke, muna jin ra'ayin jama'a ne. Ba hukuma ta aiko mu ba, ba ma rubuta suna, ba kuma rabon komai ake yi ba. In ba ka so, ba laifi." Jimlar rabo ɗin nan kada a tsallake ta don jin nauyi. Mace ta tambayi mace, musamman a gidan kulle, kuma a nemi izinin maigida amma a roƙe shi ya ba da wuri. Matar da mijinta ke tsaye a kanta ra'ayinsa take karantowa.

Rukunin gidaje masu katanga na Gwarinpa, Lokogoma, Maitama da Asokoro su ne suka fi wuyar shiga. Ta hannun ƙungiyar mazauna ake bi, da wasiƙa, mako guda kafin lokaci. In aka bar su don wahala, binciken ya zama na talakawa zalla. A nan kuma a kula da wanda ke jin hirar, don sau da yawa mai buɗe get ɗin shi ne mutumin da ake magana a kansa. Ba a tambayar Hajiya ko a kori baƙi alhali maigadinta na tsaye da makulli a hannu.

Kada a taɓa tambayar mai amsa ko shi yana da takarda. A ƙarshen hira a tambayi jiha ko ƙasar haihuwa, tare da damar ƙin amsawa, shi ke nan. Kada kuma mai tambaya ya yi hukunci da kama ko lafazi. Bakatsine da Bamaraɗe harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, kuma lambar NIN ba hujja ba ce, don baƙo mai izinin zama ma ana ba shi. Najeriya ta taɓa ganin inda irin wannan zato ke kaiwa: a 1980 aka kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka kai shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta tabbatar masa da ƙasarsa.

Abin da baki ke ɓoyewa

Mai amsa yana karanta mai tambaya. Ya ga Bahaushe, yana iya sassauta magana kan 'yan Nijar don kunya. Ya ga wanda yake zaton ma'aikacin gwamnati ne, yana iya tsanantawa. Rubuta lambar mai tambaya, jinsinsa da harshen hira a kowace takarda, ka gauraya ayarin, daga baya ka duba ko amsa na bin mai tambaya.

Akwai dabarar jeri ga mai son ya leƙa bayan kunya. Rabin mutane a karanta musu abu huɗu: hana acaba shiga tsakiyar birni, ƙarin kuɗin wuta, ciyar da 'yan firamare kyauta, rushe ginin da ba shi da izini. Ɗaya rabin a ƙara musu na biyar, wato buɗe wa baƙon da ya shekara 15 hanyar zama ɗan Najeriya. Tambayar ita ce nawa yake goyon baya, ba waɗanne ba. A ba shi tsakuwa biyar ya riƙe a bayansa, duk wanda ya yarda da shi ya mayar da ɗaya zuwa ɗaya hannun, a ƙarshe ya nuna. A ce matsakaicin rukunin farko ya fito 2.1, na biyu 2.5: bambancin 0.4 yana nuna kashi 40 cikin 100. Abubuwa huɗun an zaɓe su ne don da wuya mutum ɗaya ya yarda da duka ko ya ƙi duka, in ba haka ba asirinsa ya tonu. Dabarar tana da faɗin kuskure fiye da tambaya kai tsaye, ninki biyu ko fiye, saboda haka ma'auni ce ta gefe. Ta zo kafin babbar tambayar, kuma rabonta ya zama dabam da rabon gwajin kalma.

Lokaci ma yana murɗa amsa. Ranar aiki da hantsi mazauna Kubwa da Nyanya suna kan titi tun asuba, gida sai matan aure, tsofaffi da marasa aiki, don haka komawar ta zama da yamma ko Asabar. A bar tsakar ranar Juma'a da safiyar Lahadi. A guji watannin kamfe, lokacin da zargin shigo da baƙi su yi zaɓe ke yawo. In wani hari ko kame ya faru ana tsakiyar aiki, kar a tsaya in akwai aminci, amma a raba sakamakon kafin da bayan ranar.

Tacewa da bayyanawa

Kowane dare a duba abu uku: hirar da ta ƙare cikin ƙasa da minti 10, hirarraki da yawa daga wuri ɗaya a taswira, wanda alama ce ta an zauna gindin mangwaro an cike, da mai tambayar da bai taɓa samun "bai zaɓa ba" ko sau ɗaya ba. Shugaban ayari ya koma gida ɗaya cikin kowane takwas a ranar, ya tabbatar an zo, ya maimaita tambaya biyu. Wanda aka kama da cikon ƙarya, a zubar da duk aikinsa a sake.

Wajen wallafawa, kawo tambayar kalma da kalma da Hausar da aka yi ta, ranakun aiki, adadin waɗanda aka tambaya, adadin waɗanda suka ƙi, da tazarar kuskure. Kar ka cire "bai zaɓa ba" don lambobin su kumbura: a ce 45 sun goyi baya, 35 sun ƙi, 20 ba su zaɓa ba, in ka jefar da 20 ɗin sai 45 ta koma 56, ka ƙirƙiri rinjayen da babu. Kar ka haɗa masu cewa a ba da izinin zama da masu cewa a ba da fasfo a ƙarƙashin kanu ɗaya. Sakamakon kalmomin biyu a ajiye su gefe da gefe a sakin layi na farko.

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman yarda da tsare abin da aka tattara, kuma a wannan batu haɗarin a fili yake: fayil mai nuna gidan da aka ce "a Nijar aka haife ni" jerin kame ne in ya faɗa hannun da bai dace ba. Da an gama komawar tabbatarwa, a goge alamar taswira ta kowane gida, a bar sunan mazaɓa kawai. A mazaɓar da waɗanda aka haifa a waje ba su kai 10 ba, a haɗe ta da maƙwabciyarta kafin fayil ɗin ya fita daga kwamfutar mai binciken.